Silinda Shida a Filin Murrinda

Duk wanda ya yi makaranta a Murrinda cikin shekara talatin ɗin nan, Noelene Treloar ce ta kai shi ta dawo da shi. Ita ke jan bas ɗin 'yan makaranta, kilomita tamanin da safe, tamanin da yamma, tsakanin gonakin alkama da makiyayar tumaki. Gajeriyar mace ce mai kauri, ba ta da yawan magana, kuma babu yaron da ya taɓa yi mata rashin kunya sau biyu. Ta yi aure sau ɗaya, bai yi ƙarko ba, ta koma sunan mahaifinta ta ci gaba da harkarta.

Kanikanci a garejin Bluey Hockley ta koya. Tana da shekara goma sha bakwai ta je neman aikin zuba mai, Bluey ya lura da yadda take bin hannunsa da ido in yana kwance inji, sai kawai ya miƙa mata sifana. Shekara shida ta yi a wurinsa. A lokacin ne ta tsinto motarta, Valiant Charger ƙirar 1972, a bayan rumbun wani manomi, kaji sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Inji mai silinda shida ne a cikinta, da kafireta uku. Ta kwance ta har noti na ƙarshe, ta sake ɗaurawa, ta fesa mata fenti ruwan goro.

Ƙungiyar masu tsere ta garin tana da tsohon filin saukar jiragen sama a bayan gari, rubu'in mil miƙaƙƙe. Kowace shekara a hutun Ista ake babban taro. Mota biyu su jera, fitila ta ba da kore, wanda ya riga kaiwa ƙarshe ya ci. Rukuni biyu ne: na kowa da kowa, inda sabuwa da tsohuwa ke cakuɗuwa, sai na tsofaffin motoci masu ƙwanji, wanda shi ke da kofi, shi kuma jama'a ke zuwa kallo. Noelene ta ɗauki kofin nan shekara biyu a jere. Daga nan ne aka fara ƙananan maganganu.

Ranar wata Lahadi a watan Janairu aka kira taron ƙungiya a rumfar kwano da ke bakin filin. Zafi ya kai inda ya kai, fanka ɗaya ce tana juya iska mai ɗumi, ƙudaje sun addabi kowa. Mutum ashirin da ɗaya suka zo. A bakin tebur akwai shugaban ƙungiya, Rex Treloar, yayan Noelene, wanda ya ba ta shekara takwas. Ba su taɓa faɗa a fili ba, amma tun rabon gonar mahaifinsu gaisuwarsu ba ta wuce kalma uku.

Wanda ya kawo ƙudurin shi ne Gavin Hockley, ɗan marigayi Bluey, dillalin tumaki da gonaki. A gaban Noelene ya girma, har yanzu Anti yake ce mata. Motarsa Monaro ce baƙa mai silinda takwas da ya gada daga mahaifinsa, kuma ita ce motar da Noelene ta kayar a zagayen ƙarshe duk shekara biyun.

Ya miƙe da takarda a hannu. "Shugaba, ƙudurina gajere ne. Mota mai ƙwanji ita ce wadda ta fito daga masana'anta da silinda takwas da ƙofa biyu. Abin da bai cika wannan ba ya koma rukunin kowa da kowa."

Stavros mai shagon soyayyen kifi ne ya fara tashi. Falcon gare shi mai ƙofa huɗu, shi da wasu mutum biyar.

"Ƙofa biyu? Wa ya faɗa maka, Gav? Wannan maganar Amurkawa ce. A ƙasar nan motar da ta fi kowace ƙwanji ƙofa huɗu gare ta, ka tambayi duk wanda ya girme ka."

"Motar kai iyali coci ke nan," in ji wani daga baya.

"Ta kai iyalinka coci ta dawo kafin taka ta tashi, abokina."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Gavin bai yi gardama ba. Ya ciro biro ya soke maganar ƙofa, ya ce ya amince. Nan Noelene ta gane cewa dama tarko ne. Ya sa ƙofar ne don ya cire, ya sayi bakin masu Falcon. Saura silinda takwas, kuma a duk rumfar mutum uku ne ke da shida: ita da wasu biyu masu Torana waɗanda ba su taɓa wuce zagayen farko ba.

Ta miƙe a hankali. "Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Ƙwanji a ina yake, a ƙidayar silinda ko a agogo? Agogon filin nan ya ce na riga ku."

"Babur ma zai riga mu, Anti," in ji Gavin. "Ba ya mai da shi mota mai ƙwanji. Abin a ƙara yake, a girman inji yake. Mutane na tahowa daga nesa don su ji takwas na ruri. Taki kuwa in ta tashi kamar keken ɗinki."

"Keken ɗinkin ya ɗinke ka sau biyu."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya sai Stavros, shi ma ya haɗiye. Wuyan Gavin ya yi ja. Ya ce ba don kowa ya kawo maganar ba, don asali ya kawo ta. Mahaifinsa ne ya kafa rukunin nan da Monaro ɗin da ke waje, wadda ta fito da takwas tun ranar da aka ƙera ta, kuma ba zai zuba ido a lalata abin da tsohon ya bari ba.

Noelene ta san abin da babu wanda ya sani a rumfar. A shekararta ta biyu a gareji, Bluey ya sayo Monaro biyu. Ɗaya mai takwas ce da ta wuntsila a hanyar garin Hay, jikinta ya tashi daga aiki. Ɗayar lafiyayya ce mai shida. Ya ɗauke injin da farantin shaidar masana'anta daga matacciyar ya ɗora wa mai ran, ya shafe lambar da ke jikin ƙarfen da kwaɓi ya bi da fenti. Ita ta riƙe masa fitila, ita ta yi rabin waldar. Ya ce mata, "Wannan tsakaninmu, yarinya." Ya rasu bai gaya wa ɗansa ba.

Kalma goma sun isa ta rushe ƙudurin. Bakinta har ya buɗe. Sai ta dubi Gavin, ta ga yadda yake tsaye da kafaɗa ɗaya a sama, sak ubansa. Ta koma ta zauna.

Rex ya ba da hutun minti goma. Mutane suka fita wurin gasa nama, ana ɗora tsiran alade a biredi da albasa. Noelene ta bi Gavin har inuwar tankin ruwa inda ya tsaya shi kaɗai.

"Gav, ka janye ƙudurin nan."

"Ba zan janye ba, Anti. Kada ki ɗauka da zafi."

"To saurara." Ta gaya masa komai, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ta faɗa masa daidai inda zai kankare fenti a bangon ɗakin inji, ɓangaren direba, ya ga lambar gaskiya.

Biredin hannunsa na ɗigar da miyar tumatir a kan takalminsa bai sani ba.

"Barazana kike yi mini?"

"Da barazana ce, a ciki zan faɗa."

"Babana kike kira maƙaryaci."

"Babanka ne ya koya mini duk abin da na iya. Ya yi abin da ya yi, ni kuma na taya shi. Ba zan faɗa wa kowa ba, ko ka janye ko ba ka janye ba. Amma ba na so ka tsaya a gaban mutane kana rantsuwa a kan abin da ba haka yake ba."

Ya jefar da biredin ya koma ciki.

Da aka sake zama, Rex ya tambaya ko mai ƙuduri na da abin ƙarawa. Gavin ya dubi takardarsa, ya dubi Noelene, kamar mai jiran ta yi magana. Ba ta yi ba. Ya ce, "A kaɗa ƙuri'a."

Hannu goma suka tashi, har da na Gavin. Goma suka ƙi, har da Stavros, wanda ya ce shi ba a sayensa da ƙofa. Saura shugaba. Rex ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Ina tare da ƙuduri," ya ce, idonsa a kan tebur. "Kada a ce na yi son kai."

Noelene ta ɗauki hularta ta fita. Ba ta buga ƙofa ba.

Wata biyu da rabi ta yi ba ta taka filin ba. Wasu sun zo har gida suna zuga ta ta fice daga ƙungiyar, ta ce musu ita ba ta iya fushi da kwalta ba. Ta sa sunanta a rukunin kowa da kowa, ko da yake ta san can akwai samari masu ƙananan motocin Japan da ke tashi kamar harsashi. Gavin kuwa in sun haɗu a gidan mai sai ya kau da kai. Ba ta san ko ya kankare fentin ba.

Ranar Asabar ɗin Ista da safe ta je allon da ake lika sunaye. A rukunin masu ƙwanji mota bakwai ne, babu Monaro baƙa. Ta sauko da ido ƙasa, sai ga shi a rukunin kowa da kowa: G. Hockley. Masu rabon layi, ko da gangan ko da ƙaddara, sun haɗa shi da ita a zagayen farko.

Filin ya ɗauki surutu. Rex ya tare Gavin a gaban jama'a yana tambayar me ke nan, shi da ya tayar da ƙurar. Gavin ya ce, "Motata ce, inda na ga dama nan zan sa ta." Bai ƙara ko kalma ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kira su. Noelene ta ɗaura hular kwano, ta shiga ruwan da ake zubawa a bakin layi, ta murza tayoyin baya har hayaƙi ya tashi. A gefenta Monaro na ruri, har ƙarfen ƙofarta na karkarwa. Ta matsa a hankali har ƙananan fitilun sama suka kama. Ba ta dubi Gavin ba. Ta danne kuloci, ta ɗaga totur, ta kafa wa sandar fitilu ido.

Rawaya, rawaya, rawaya, kore. Ta saki.

Charger ta zabura, bayanta ya ɗan karkata hagu, ta dawo da ita. Ta riga shi tashi da rabin mota. Giya ta biyu, tana gaba. Ta uku, baƙin hancin Monaro ya bayyana a gefen idonta, yana cin tazarar kaɗan-kaɗan. Ta sa ta huɗu, ƙafarta a ƙasa, babu sauran abin da za ta ba injin. Suka keta layin kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Fitilar nasara ta kama a ɓangarensa.

A ƙarshen filin, inda kwalta ta ƙare ciyawa ta fara, suka tsaya su juya. Babu kowa a wurin sai tumakin maƙwabta a bayan waya. Gavin ya kashe injinsa ya fito, ya zo ya durƙusa a bakin tagarta. Fuskarsa sharkaf da gumi.

"Na kankare," ya ce.

"Na gani a allo."

"Ban san yadda zan gaya wa Mama ba. Kullum sai ta goge hotonsa da motar."

"Ba dole ne yau ba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Tun daga giya ta uku nake jin wata ƙara a tawa, ƙasa-ƙasa. Ko za ki saurara mini?"

Noelene ta kwance hular kwanon ta ajiye a kujera. "Buɗe bonet," ta ce. "Kuma ka yi sauri, na baya na jiran mu ba su hanya."