Takardar Da Na Riƙe a Jaka

Mijina bai iya faɗa ba. Shekara ashirin da biyu muna tare, wannan ne aibin da na kasa cire masa. Ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka cewa sannu. A wurin aikinsu ma Sannu-Sannu suke kiransa, don ko da wace gaggawa ka zo masa amsarsa ɗaya ce: "A bi a sannu." Ni kuwa zuciyata a kusa take, kuma ba na ɓoyewa. Ƙanwarsa kan ce an haɗa ashana da randar ruwa a ɗaki ɗaya.

Da gyaran rediyo ya fara, a bencin mahaifinsa. Daga nan ya shiga wata maɗaba'a da ke buga littattafan makaranta da kalanda, yana zuba wa injuna mai. Da aka kawo kwamfutoci ofishin tsara shafuka, shi ya zauna ya koye su, ba wanda ya sa shi. Shekara goma sha tara ya yi a can. Kwamfutocin guda tara ne, sun tsufa har waɗanda suka ƙera su sun yi musu sallama, sun ce sabon tsarin aiki ba zai hau kansu ba, a sayi sababbi. Mai maɗaba'ar, wanda kowa ke kira Tsoho, ya ce ba shi da halin haka. Mijina ya ce a bar masa.

Ni tela ce, amma aikin nan na san shi kamar yadda na san keken ɗinkina, don a falonmu ya yi ta gwaji har ya ci mini teburin cin abinci na wata uku. Akwai wata 'yar manhaja da ake kira butloda. Ita ke fara farkawa in an kunna kwamfuta, ita ke tayar da babban tsarin. Sai ya sa wa kowace kwamfuta irin wadda ke riƙo hannun sabon tsarin ta shigo da shi, ta nuna masa yadda zai zauna da tsofaffin kayan ciki. Shi 'yar rakiya yake ce mata. Sharaɗin ɗaya ne tak: duk sanda sabon tsari ya fito, sai an fara sabunta 'yar rakiyar kafin a taɓa shi. In aka yi akasin haka, baƙo ya iso 'yar rakiya ba ta san shi ba, kwamfuta ta tsaya cik. Saboda haka yake da filashi tara a zoben mukullansa, ya sa musu lamba da jan farcena. A kan filashi yake fara gwadawa, in ta tashi lafiya sannan ya kwafa cikin kwamfutar.

Ana nan sai ɗan Tsoho ya gama karatu ya dawo. Mai Kwat nake ce masa, don ko rana za ta narkar da kwalta ba ya rabuwa da kwat. Sati biyu da zuwansa ya kunna kwamfuta ɗaya, ya ga allon 'yar rakiya ya fito kafin komai, ya tara ma'aikata. A gabansu ya ce wannan kwaskwarimar 'yan bakin titi ce, wai mijina ya cusa abubuwa ne don kada wani ya iya taɓa injunan sai shi. Ya karɓe mukullan ofis, ya cire zoben filashin ya jefa masa a tebur, ya ce, "Tafi da layunka." Tsoho yana zaune bai hana shi ba.

Da tsakar rana mijina ya shigo gida da kofin shayinsa a leda. Sakatariyar wurin, wadda nake yi wa ɗinki, ita ta ba ni labarin yadda aka yi, don shi cewa kawai ya yi an sallame shi. Ranar ban iya cin abinci ba, shi kuwa ya cinye nasa har ya nemi ƙari. Wallahi wannan ƙarin ya fi komai ƙona mini rai.

Washegari na same shi yana rubutu. Shafi biyu ya cika, ya linke ya sa a ambulan.

"Maman yara, tunda hanyar shagonki ce, ki miƙa wa maigadi ya ba yaron. Ni ba na so a gan ni a ƙofar nan."

A cikin bas na buɗe. Layin farko da manyan baƙaƙe: kada a danna sabunta tsari sai an sabunta butloda. Sauran duk matakai ne, ɗaya bayan ɗaya, har da lambar wayarsa a ƙasa ko da wani abu zai shige musu duhu. Mutum ya ci maka mutunci a gaban jama'a, kai kuma ka zauna kana share masa hanya. Na mayar da takardar cikin ambulan, na tura ta aljihun cikin jakata, na ja zif. Da muka zo daidai ƙofar maɗaba'ar ko kallonta ban yi ba. Da yamma ya tambaye ni ko na kai, na ce an kai.

Sati biyar ina jira. Duk zuwan sakatariyar sai na tambaye ta, "Wai sabon tsarin nan bai fito ba?" har ta fara yi mini dariya, wai tela da zancen kwamfuta. Ba ta san ni haƙo nake yi ba.

Ran nan ta shigo shago ko sallama ba ta gama ba. Sabon tsari ya fito, Mai Kwat ya bi kwamfutocin nan tara da safe yana danna musu sabuntawa a lokaci ɗaya, wai don a ga yadda ake aikin zamani. Dukkansu suka kashe kansu suka kunna, suka tsaya a baƙin allo da wata da'ira mai layi a tsakiya. Ga littattafan makarantu huɗu da za a miƙa a satin, duk shafukan suna ciki. Na ce abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Na ƙara mata aljihu biyu a rigarta ba ta roƙa ba, a hanyar gida kuma na sayi kaza.

Daɗin kwana biyu ya yi mini. Mai Kwat ya kira masu gyara uku suka kasa, sai ya juya zance: wai mijina ne ya dasa tarko kafin ya tafi, ya sa masa lokaci. Maganar ta bi layin masu gyara kamar wutar kara. Wata makaranta da ta fara ba mijina ɗan aiki ta aiko a karɓi kwamfutocinta a yadda suke. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko kusar wani ba, yau ana nuna shi da baki. Ashe gaskiya ne, ramin mugunta a gina shi gajere.

Rana ta uku da la'asar Tsoho ya zo gidanmu, Mai Kwat na bayansa. Na kawo ruwa, ban fita ba.

Tsoho ya ce, "Shekara goma sha tara muna tare. Ko an ɓata maka, ka tafi ka bar mana wannan ba ka ce komai ba?"

Mijina ya ce, "Na rubuta, ranka ya daɗe. Shafi biyu. An ba maigadi."

Mai Kwat ya yi tsaki. "Ba abin da aka kawo. In kuma an kawo, maigadin ma yau zai bi ka."

Sai mijina ya juyo ya kalle ni. Ba harara ba ce, da harara ce da ta fi mini sauƙi. Na tashi na ɗauko jakata, na ja zif, na ajiye ambulan ɗin a gaban Tsoho. Ya yi laushi, har da tabon jan baki a gefe.

Na ce, "Maigadi bai san da ita ba. Ni na riƙe. Na karanta, na san abin da zai faru, na zauna ina jira. Wanda ya ce wa mijina mai layu a gaban mutane ban ga dalilin da zan kai masa magani har ƙofa ba. In tarko ake nema, ga mai tarkon nan. Amma sunansa, a inda aka ɓata shi a nan za a wanke shi."

Tsoho ya karanta shafin farko. Sannan ya miƙa wa ɗansa ya ce ya riƙe, zai yi amfani.

Washegari da safe na bi mijina maɗaba'ar, ba wanda ya gayyace ni. Tsoho ya sa aka tsayar da injuna, aka tara ma'aikata a ofishin tsara shafuka har da maigadi. Ya ce ɗansa ya karanta takardar da ƙarfi, mataki bayan mataki, mijina yana aikatawa. Haka aka yi. "A sa filashi mai lamba ɗaya. A kunna. A zaɓi filashin." Zufa ta jiƙa wuyan kwat ɗin. Na samu kujera daidai inda zan ga fuskarsa sosai, kuma ban ƙifta ido ba. Mijina ya sabunta 'yar rakiyar a filashi, ya gwada, ya kwafa ciki. Bayan minti ashirin kwamfuta ta ɗaya ta tashi da sabon tsarinta, ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Kafin azahar duka taran suna aiki. A gaban kowa Mai Kwat ya ce ba tarko ba ne, gangancinsa ne, a yafe masa. Da na ce ban ji ba, sai da ya maimaita.

Tsoho ya ce wa mijina ya dawo bakin aikinsa. Mijina ya gode, ya ce a'a. Ya cire filashin tara daga zobensa ya ba sakatariyar, ya nuna mata wanne ne na wacce. Yanzu yana da bencinsa a layin masu gyara, kuma duk mai tsohuwar kwamfutar da aka ce ta gama aiki wurinsa ake turo shi.

A kan takardar bai taɓa yi mini faɗa ba, na faɗa muku bai iya ba. Ni ma ba zan yi ƙarya in ce na yi nadamar zufar Mai Kwat ba, har yau in na tuna sai na ji sanyi a raina. Sai dai shekara biyu ke nan bai sake ba ni saƙo ba, ko na gaisuwa. Satin da ya wuce yana da filashi da zai kai wa wani mai hoto, shago biyu tsakaninsa da nawa. Na miƙa hannu na ce ya kawo in wuce da shi.

Ya ce, "Bar shi kawai, Maman yara, hanyata ce."

Ba hanyarsa ba ce. Bas biyu ya hau.