Gilashin da Baba Dung Ya Sa Na Cire

Ina cikin auna taga a wani gida a Makera, ranar Talata da hantsi, Mama Kaneng ta kira ni. "Yohanna, Babanka ya tafi gida," ta ce. Rasuwar mijinta take nufi, Baba Dung, wanda ya koya mini aikin gilashi a shagonsa na Kakuri. Shekara shida rabon da in taka shagon nan, kuma laifina ne.

Baba mutumin Filato ne, marar yawan magana. Shi ya nuna mini gilashi mai ninki biyu, wanda ake mannewa da roba a tsakiya. Ba a yanka shi da gaggawa: ka ja layi a fuska ɗaya, ka juya ka ja a ɗayar, ka karya, sannan ka zuba sifirit ka ƙyasta ashana robar ta yi laushi. Yakan ce, "Kowane gilashi yana fashewa. Kai dai ka tambayi inda zai zuba." Kullum da yamma da kansa yake share ƙofar shago, saboda masu wucewa ba takalmi.

Aikin wata majami'a ne ya raba mu. An ba mu aikin sa gilashin kariya a bakin benen da yara ke zama. Saura kwana biyu a buɗe ginin, mai ninkin ya ƙare, ga gurbi uku ba a rufe ba. Ni kuwa da ɗan banzan wayona, sai na sa gilashi zalla mai kauri iri ɗaya, na ce wa zai gane. Baba ya zo yana bin su ɗaya-ɗaya, yana ƙwanƙwasawa da zobensa. Yana kaiwa kan nawa ya tsaya. A gaban dattawan majami'a ya ce, "Yohanna, cire. A ƙarƙashin nan mata ke zama da goyo." Haka aka buɗe ginin da katako a gurbi uku, dattawa suna ta ƙorafi. Kunya ta kama ni, ta rikiɗe ta zama fushi. Na kwashe kayana na buɗe shagona.

Bai taɓa aibata ni wurin kowa ba. Sai daga baya na gane da yawa cikin masu kawo mini aiki shi ke turo su.

Watan jiya aka kira ni in canja gilashi a benen nan. Benci ne ya kife da yara, ya daki ɗaya daga cikin ukun da Baba ya sa daga baya. Ya tsattsage kamar yanar gizo, amma ko ɓarɓashi bai faɗo ƙasa ba. Na tsaya ina kallon kujerun mata da ke ƙasa. Na ce ranar Lahadi zan je in durƙusa in ce, "Baba, kai ke da gaskiya." Aiki yau, aiki gobe, Lahadi huɗu suka wuce.

A gidan makoki na faɗa wa Mama Kaneng duka. Ta ce, "Ai ya ji labarin gilashin. Abin da ya tambaya kawai, wa aka kira ya canja. Da aka ce kai ne, sai ya ce to, hankalinsa ya kwanta."

Wannan amanar ta fi mini faɗansa ciwo, domin ban roƙi gafara ba ya riga ya ba ni.

Ubangiji ya ji ƙan Baba Dung, ya ba shi hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da Mama Kaneng da 'ya'ya da jikoki, ya zama mai riƙe gidan nan. Mu da muka ci abinci daga hannunsa, Allah ya sa kada mu ba shi kunya. Amin.