Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Duk sanda na ji warin kafur, ɗakin tsohon nan Ba'indiye nake tunawa, wanda muka yi maƙwabtaka da shi a hawa na huɗu a unguwar Al Rigga. Cikin littattafansa yake zuba shi saboda asu. Shekara talatin ya yi yana koyar da tarihi a wata jami'a a ƙasarsu, da matarsa ta rasu ya dawo wajen 'yarsa da ke aikin jinya a Dubai. Ya taɓa gaya mini abokan aikinsa sun sha yi masa dariya, wai su suna rubuta labarin masu mulki, shi yana bin masunta da alhazan ƙasa da rikoda.

Ina shekara goma sha ɗaya Kaka ta zo daga gida a yi mata aikin ido. Lokacin zafi ne, irin wanda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, makaranta kuma an yi hutu. A lif suka haɗu da tsohon. Ni da bakina da ba ya rufuwa na gaya masa ai kakata ta je Makka ta ƙasa tana amarya, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa. Washegari sai ga shi a ƙofarmu da rikodarsa da kwanon alewar madara.

Baba bai so ba. Cewa ya yi tsohuwa hutu take bukata, kuma wa zai karanta wannan? Kaka ta ce ido aka yi wa aiki, ba baki ba.

Ni ce tafinta, kuma ba na kirki ba. Kaka za ta yi dogon bayani, ni in dunƙule shi in ce sun sha wahala. Sai tsohon ya cire tabarau ya ce ya ji sunan gari uku a bakinta, ina na kai su? Ka'idarsa ita ce ba ya rubuta abin da bai fito daga bakin mai shi ba, in ya rubuta kuma sai ya karanta masa ya yarda. Haka muka yi sati uku, kullum bayan la'asar.

A nan na ji abin da ko Baba bai sani ba sosai. Kafin kakanmu, Kaka ta yi wani miji, kuma da shi ta yi tafiyar. Shekara biyu suka yi suna tsinkar auduga a Sudan don su sami guzuri. A hanyar dawowa zazzaɓi ya kama shi, aka binne shi a gefen hanya, ayari ya wuce. Ba su haihu ba, danginsa sun ƙare. Duk duniya ita kaɗai ta rage da ta san sunansa.

Tsohon ya tambayi sunan. Kaka ta ja mayafi ta rufe baki. Na yi ta lallashi, har na ji haushinta, don saura kwana biyu ta koma gida. Na ce mata mutumin ya fi shekara hamsin da rasuwa.

"Ke 'yar nan, miji ne fa," in ji ta. "Don ya mutu sai in kama sunansa?"

Na fassara ina jin kunya, na ɗauka zai raina mu. Sai na ga ya ajiye biro. Ya ce mahaifiyarsa ma har ta bar duniya ba ta taɓa furta sunan mahaifinsa ba, don haka ba zai matsa ba, zai bar gurbin haka nan. Da na gaya wa Kaka za a bar wurin babu komai, sai ta juyo wajena.

"Ba kina zuwa Islamiyya ba? Wane Annabi ne kifi ya haɗiye?"

Na faɗa. Ta gyaɗa kai, tana kallon bango. Tsohon ya sa na maimaita a rikoda, ya rubuta, a ƙasa ya ƙara da cewa matar ta nuna, jikarta ta furta.

Bayan shekara biyu littafin ya fito, labarin talakawan da suka ƙetare teku don ibada ko neman abinci. Shafi tara aka ba Kaka. Baba da kansa ya sayi kwafi biyar, ya yi ta nuna wa abokansa a ofis. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Yanzu tsohon ya rasu a garinsu, Kaka ma ta rasu. Ni nake koyar da tarihi a wata sakandare a unguwar Muhaisnah, inda ɗalibaina ke kiran kowa da sunansa gatsal, ni ma kuma sunan mijina nake kira ba tare da na ji komai ba. Ban ce zamaninmu ya fi ba, ban ce ya gaza ba. Abin da na sani shi ne, da muka kai mata littafin gida, ba ta iya karatun boko ba, sai ta ce in ɗora mata yatsa a kan wurin da sunan yake. Na ɗora. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"To, Alhamdu lillahi," ta ce. "Yau dai an san inda yake."