Waiwayen da ya kusa cinye mini ido

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku. Masu jiran abayarsu, masu cewa ko aure na yi a ɓoye, har da wadda ta rubuto "Hadiza, ko an kama ki ne?", duk na ga saƙonninku. Ba a kama ni ba. Idona na dama ne ya kusa tafiya.

Wanda ya san ni ya san abu biyu. Ina ɗinka wa abaya duwatsu a shagon gwaggona a unguwar Misfala, kusa da Harami, kuma ina haukan badminton, wanda a nan muke ce wa risha, shi da ƙwallonsa mai gashin tsuntsu. Ni da ƙanwata Rihab muke buga 'yan bibbiyu a wani zauren wasan mata. Ni a gaban raga, ita a baya, don hannunta kamar na maƙeri yake.

Akwai wata 'yar wasan China da na yi shekaru ina bi, tun tana sabuwar shiga har ta fara ɗaukar kofuna. An sha canza mata abokiyar wasa, ta yi jinyar gwiwa ta dawo. Ita ma a gaban raga take tsayawa. Na kwaikwayi riƙon raket ɗinta, wato abin bugun, da tsayuwarta, har yadda take hura tafin hannu. 'Yan zauren ma "Siniyya" suke kirana, wato 'yar China, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Ranar nan aka ɗaga wa Rihab risha sama. Ni babbar yaya, na saba duba ta tun tana rarrafe, sai na waiwaya in ga ko za ta kai. Ta kai. Dukan da ta saki duk a idona ya sauka.

Na ga haske, sannan ja, sannan ba komai.

A asibiti likita ta ce jini ne ya taru a cikin idon, gaban baƙin. Ta tambaye ni, "Kina da sikila?" Na ce a'a, lafiyata lau. Aka ɗebi jini, ashe AS ce ni. Ta ce ga irinmu jinin ba ya saurin fita, yana toshe hanyar ruwan ido, matsi ya hau ya kashe jijiyar gani.

Ta ce, "Ki zauna a jingine, kai a sama. Ba sunkuyo, ba karatu, ba waya, ba sujada. In ya sake zubar da jini, sai abin da Allah ya yi."

Ni da ko shayi a tsaye nake sha.

Aka rufe idon da wani murfin roba, aka jera mini filo. Barci a zaune, salla a zaune da ishara. Ina jin kiran salla daga Harami, ina jin takun mahajjata a ƙasan tagarmu, ni ko tari tsoronsa nake. Ƙafafuna su yi ta rawa su kaɗai. In na ɗaga murfin don ɗiga magani sai in leƙa, ko zan ga yatsuna. Hazo ja kawai.

Tsorona ɗaya ne, kuma zan faɗa: da ido nake cin abinci. Wadda ba ta ganin kafar allura, wa zai ba ta abaya?

Rihab kuwa ta daina shigowa ɗakina. Ta ajiye tire a bakin ƙofa ta gudu. Ina jin Umma tana ce mata, "Ke shiga ki gai da yayarki mana, cinye ki za ta yi?" Sai ta amsa da Larabcinta, "Ma agdar, Umma." Wai ba za ta iya ba.

Matsin ya ƙi sauka duk da magunguna. Aka shiga da ni tiyata aka wanke jinin. Inshora ba ta ɗauki komai da komai ba, abin da nake tarawa na sabon keken ɗinki can ya tafi.

Da aka yarda in kalli talabijin daga nesa, na sa tsofaffin wasannin 'yar Chinar nan. Wannan karon wuyanta na tsura wa ido. Risha tana wuce kunnenta kamar harsashi, ba ta taɓa juyawa ba. Shekaru ina kwaikwayonta, ban ga wannan ba. Ta gaba ba ta duba ta baya, yarda da ita take yi.

Alhamdu lillahi, ganina ya dawo, sai dai rana tana damun idon, kuma za a riƙa auna matsinsa har abada. Na gode wa Allah, da likitocin, da Umma, da gwaggo da ta riƙe mini kujerata, da ku.

Masu buga bibbiyu, ku sa tabarau na kariya, kuma kar ku waiwaya. In abu ya bugi ido, kar a murza, kar a ɗiga komai, a tafi asibiti. Ku san nau'in jininku tun kuna lafiya.

Jiya na kira Rihab, na ce ta kawo allura da baƙin zare. Ta tsaya a ƙofa ta miƙo mini su. Na rufe idon hagu, na bar wanda ta buga. Na kuskure, na sake kuskurewa, sannan zaren ya shige.

Ta durƙushe tana kuka. "Samihini, Yaya. Ki yafe mini."

Na ce, "Dukanki daidai ne. Tashi ki nemo raket ɗinki. In likita ta sake ni, ki buga da duk ƙarfinki, ba zan ƙara duba ki ba."