Gaisuwar Danjuma a kan babur

Jama'a, yau ladabi ya kai mu asibiti!

Bitrus maƙwabcina ya kawo baburan lantarkin nan masu taya biyu da ake hawa a tsaye, yana zagayawa da baƙi cikin Zuru. In ka karkata gaba ya ruga, in ka miƙe ya tsaya. Na hau irinsu a Istanbul da Alkahira, sai na ja Danjuma mijin 'yata kowa ya hau ɗaya, muka bi Bitrus.

Muna dab da kasuwa sai ga matata, Maman Ladi, ɗauke da kwando. Danjuma ya hango surukarsa. Ya cire hula ya rusuna! Babur ya zabura, ya yi kanta.

Bitrus na ihu, "Danjuma, miƙe! Miƙe!" Ina! Ganin ya matso kusa da ita, sai ya ƙara sunkuyawa. Ya kwashe ta!

A Istanbul ba mai rusuna wa kowa a titi, shi ya sa ban gargaɗe shi ba.

Likita ya ce ƙugunta ne ya bugu, sai an ɗauki hoto. Danjuma na bakin ƙofa, ya kasa shiga. Ita kuwa tana nishi tana cewa, "Baban Ladi, duba min yaron nan, bai ji ciwo ba?"

Ku sa ta a addu'a.