Labarin da Nirapada Ya Wargaza da Hannunsa

Shekara goma sha tara muka yi da Nirapada Ghorui a wata ƙaramar maɗaba'a da ke lungun bayan kasuwar littattafai a Kalkata. Shi yake jera haruffan dalma, ni nake juya inji. Babban aikinmu shi ne mujallar Sudhangshu-babu, wato Malam Sudhangshu a yarenmu, mai suna Tauraro Mai Nisa, wadda ke fitowa duk wata da labaran kumbo da mutanen ƙarfe da duniyoyin da ba a taɓa takawa ba.

Aji biyar kawai Nirapada ya yi a ƙauyensu na Medinipur, amma babu labarin da ya fita bai karanta shi ba, harafi bayan harafi, a juye. Wani lokaci sai ya tsaya da harafi a hannu ya ce, "Kanai, wannan farfesan ya kai mutum duniyar wata, amma bai faɗi abin da zai ci ba."

"To ka aika masa da kifi mana, dada," nakan ce, don haka muke kiran yaya.

A daminar 1976 wani labari ya zo ta gidan waya da sunan Tapan Majhi. Manomi ne aka kai duniyar Mars ya shuka shinkafa, kullum yana ɗaga kai yana jiran hadarin da ba zai taso ba. Sudhangshu-babu ya karanta shi a tsaye har shayinsa ya huce. Ya ce da shi za a buɗe fitowar bikin Puja, babban bikinmu na shekara, ya miƙa wa Nirapada.

"Ka kula da wannan. Irinsa sau ɗaya yake zuwa a shekara goma."

Da ya fita na ce, "Dada, ba Tapan ne sunan ƙanenka da ya rasu ba?"

"Juya injinka."

Sai da muka zauna cin shinkafar rana ya ce, "In Sudhangshu-babu ya san ni na rubuta shi, ba zan taɓa sanin ko tausayi ya sa ya buga ba. Bari ya fito tukuna."

Kwana shida ya yi yana jera shi, shafi goma sha ɗaya. Saura mako guda mu buga, ɓarin jikin Sudhangshu-babu ya shanye. Ɗansa ya zo ya ce an rufe mujallar. Mai maɗaba'a kuma yana buƙatar haruffansa, ga aikin kalanda ya taru.

Na ce, "Bari in ɗora shi a inji, ko kwafi ɗaya ne."

"Wa zai karanta?"

Ya kwance zaren da ya ɗaure shafin farko, ya fara mayar da kowane harafi gidansa. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba. Na fita na zauna a bakin titi har ya gama.

Bayan wata biyu muka je dubiya. Bakin Sudhangshu-babu ya karkace, da ƙyar ake gane maganarsa. Ya kama hannun Nirapada ya ce, "Yaron nan Majhi, wasiƙa uku na sa an rubuta masa, duk sun dawo. Ina so in ce masa kada ya daina."

Na taka ƙafar Nirapada. Ya dubi ƙasa ya ce, "Wataƙila ya tashi daga gidan, maigida."

A kan hanya na yi ta masa faɗa. Ya ce, "In ce masa me? Cewa ni na wargaza shi?"

Sudhangshu-babu ya rasu a watan Janairu. Iyalinsa suka sayar da takardunsa a kan sikeli, har da rubutun hannun labarin. Nirapada ya ci gaba da jera katin aure da takardun talla shekara takwas, har idanunsa suka gaza, matarsa Annapurna ta mayar da shi ƙauye. Na je jana'izarsa. Da na tambaye ta ko ya bar wani rubutu, ta dube ni da mamaki ta ce ita ba ta taɓa sanin yana rubutu ba.