Baba Isufu da Igiyar Hijabanmu

Ina cikin murza soyayyar gyaɗa a faifai, hantsi ya ɗaga, sai Inna Hassana, shugabar ƙungiyarmu, ta shigo da wayar talho a hannu ta zauna a ƙasa, ko tabarma ba ta nema ba. Ta ce, "Rabi, aje faifan nan. Isufu ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun san yana kwance a likita a Maradi, amma ba mu zaci tafiyar ke nan ba.

Ni ba mai dogon karatu ba ce, abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Mu mata ne masu matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a wani gida da ke hanyar tabki a Madarumfa. Baba Isufu kuwa ya yi ƙuruciyarsa cikin 'yan kashe gobara, waɗanda muke ce wa pompiye. Da ya bar aiki ya dawo gida, ƙungiya ta ɗauke shi gadin ƙofa.

Ranar da ya fara aiki bai zauna a bencinsa ba. Ya zagaya gidan, ya dubi kasake cike da tafasasshen mai, ya dubi tulin ɓawon gyaɗar da muke hura wuta da shi, sannan ya tsaya a ƙofar baya, wadda muka toshe da buhuna saboda awaki. Ya ce dokar aiki ta ƙasar nan ta ɗora wa duk mai wurin aiki ya tanadi hanyar fita da abin kashe wuta, kuma ya koya wa mutanensa yadda za su tsira. Inna Hassana ta ce, "Isufu, gadi muka ɗauke ka, ba alƙalanci ba." Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai gadin nake yi. Ku ne kayan."

Shi kaɗai ya kwashe buhunan. Ya ɗebo yashi daga bakin tabki ya aje a bokiti kusa da kowane murhu, yana maimaita mana, "Mai in ya kama, murfi da yashi. Wadda ta zuba ruwa ta kashe 'yar'uwarta." Ya rataye wani tsohon ƙarfen ƙafar mota a bishiyar bedi da ke bayan gida, ya ce duk sa'ad da muka ji ya buga, mu saki abin da ke hannunmu mu fito ta baya.

Gwajin farko abin dariya ya zama. Mu a wurin suya ba ma iya zama da hijabi saboda zafi da harshen wuta, sai mu rataye su a ƙuryar ɗaki. Yana buga ƙarfen, dukanmu muka ruga ƙuryar, muna ture juna, kowace na neman nata. Sai da muka lulluɓe tsaf muka fito. Muka iske shi shi kaɗai ƙarƙashin bedi. Ya ce, "Sannunku da ado. Da wuta ce, da yanzu gawa nake ƙirgawa."

Inna Hassana ta harzuƙa. "To mi kake so? Mu fito kai ba lulluɓi, ga masu gyaran babur jere a bakin hanya? Ni da jikokina? Gara in ƙone!"

Wani da sai ya ce mana jahilai. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai. Washegari muka zo muka tarar ya kafa shingen kwano tsakanin bedi da hanya, yadda mai wucewa ba zai hango mu ba, ya kuma ɗaura doguwar igiya a ciki. Ya ce, "Kunyarku gaskiya ce, ba zan yi faɗa da ita ba. Wuri kawai zan sake mata. Daga yau nan ne ma'ajiyar hijabai, nan kuma za a riƙa kwantar da jarirai." Ya haɗa mu biyu-biyu, kowace da abokiyar da za ta kira sunanta in an fito. Ni aka haɗa da Inna Hassana. Duk ranar gwaji in muna fitowa, juya mana baya yake yi har sai ta ce masa, "Juyo, malam alƙali."

Ranar da abin ya zo da gaske, da rana ne tsaka, lokacin bazara. Dutsen murhu ya goce, kasko ya kife, mai ya bi ƙasa da wuta a kansa ya faɗa tulin ɓawo. Kafin mu miƙe, hayaƙi ya rufe ƙofar gaba. Na ji ƙarfen yana ƙara. Wallahi ban yi tunanin komai ba, ƙafafuna ne suka san hanya. Ba wadda ta waiwayi ƙuryar ɗaki, don babu abin kowa a can. 'Yata Nana tana barci a tabarma ƙarƙashin bedi, ko farkawa ba ta yi ba. Muka yi ta kiran suna, kowace ta amsa. Rufin gidan ya tafi, man da muka matsa ya tafi, amma ko yatsa ba wadda ta ƙone. Shi kuwa yana tsaye, baya juye, yana tambaya, "Kun cika? Ku gaya mini, kun cika?"

Da aka sake gina gidan, mutanen gari suka riƙa zuwa ganin igiyar. Teloli da masu injin niƙa suka kira shi ya duba musu ƙofofinsu. Bai taɓa cewa shi ya cece mu ba. In an yabe shi sai ya ce, "Su suka yi gudun, ni ƙarfe na buga."

Bayan addu'ar uku ta rasuwarsa muka koma aiki. Kaka ce, sabuwar gyaɗa ta shigo, masu amalanke da ba su san gidan ba sun jibge buhuna har saman ƙofar baya. Na ce a raina shi ke nan, aikinsa ya bi shi. Sai na ga Inna Hassana, da ciwon gwiwarta, ta kama kunnen buhun farko tana ja. Ta ce, "Rabi, kin tsaya kallo? Kama mini. Ƙofar Isufu ba ta rufuwa ina raye." Da muka gama ta ɗauki guntun ƙarfen da yake bugawa da shi ta damƙa mini.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba Isufu, Ka yafe masa kurakuransa. Yadda ya tsare mu daga wutar duniya bai tozarta ko ɗayarmu ba, Ka tsare shi daga ta lahira, Ka suturta shi, Ka buɗe masa ƙofar Aljanna. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, Ka zama gatansu. Mu kuma Ka kyautata ƙarshenmu. Amin.